Yammar Ingilishi

A wajen Tibiri, in ka ce Ɗantala sai a tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma in ka ce Ɗantala Riƙe-Dawaki, ko mai tallar fura ta san wanda kake nufi. Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙirji, yana tafiya kamar wanda aka aiko ya duba ko kasuwa ta ci daidai. Allah bai ba shi shanu ba, bai ba shi sarauta ba, allo ma bai riƙe shi da kirki ba. Kunne ya ba shi da baki, kuma ya mori duka biyun har ya tsufa haƙora suka zube.

An haife shi bayan Nasara sun riga sun raba ƙasa, nan na Faransi, can gabas na Ingilishi. Mutanen Arewa, wato yankin su Tibiri, ba su taɓa ganin layin nan da ido ba. Abin da suka sani shi ne, in gardin kumandan, wato dogarin Baturen Faransi, ya matsa da kamun aikin dole, sai saurayi ya ɗauki sanda da gora ya yi gabas, ya laɓe wajen dangi har abu ya lafa. Haka Ɗantala ya yi a shekarar da gemu ya fara tsiro masa. Sai dai zama wuri ɗaya bai taɓa karɓarsa ba. Ya bi masu kora shanu har Sakkwato, aka wayi gari yana yankan ciyawa yana kaiwa barikin soja.

A can ya faɗa hannun wani hafsa Ba'ingilishi da ake kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya rabuwa da bakinsa. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Jamus na farko, yana ɗan jan ƙafa ɗaya. Ya lura dawakinsa suna natsuwa in ɗan Arewan nan ya shiga barga, sai ya ɗauke shi ya riƙa kula da su. Ba a jima ba Ɗantala ya tsinci kalmomin aiki: doki, sirdi, ruwa, zo, tafi, riƙe.

Wata rana da hantsi ya zo a guje zai kai ƙarar mai kawo dusa, yana zuba magana ba numfashi. Mai Lofe ya ɗaga hannu ya faɗi wani abu. Ɗantala ya ji kalmar riƙe, ya ji kalmar dawaki, ya ce to wannan ai ba sai an fassara ba. Ya juya ya ruga barga, ya kwance dawakin kaf, ya tattara igiyoyinsu a hannu, ya tsaya ƙiƙam cikin rana. Yana nan tsaye yana zufa har azahar, sannan kukun Baturen ya leƙo ya tambaye shi ko lafiya. Da ya ji dalili, kuku ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce ai in Ingilishi ya ce riƙe dawakinka, ba ruwansa da doki, cewa yake dakata, bar garaje.

Da wani ne, da kunya ta kashe shi. Ɗantala kuwa daɗi ya ji har cikin ransa. Shi a da ya ɗauka Nasara maganarsu miƙaƙƙiya ce kamar sanda, ashe su ma suna faɗin abu su nufi wani. Daga ranar ya zama mafarauci. In Mai Lofe ya yi baƙi, Ɗantala zai sami dalilin goge sirdi a gindin taga. Duk maganar da ya ji ba ta zauna daidai ba, sai ya riƙe ta a ka, ya kai wa kuku, ko ya tari Baturen kansa ya tambaya, don shi bai san jin nauyin tambaya ba.

Ta haka ya gano cewa in an tsuge da ruwan sama, sai su ce ana ruwan kyanwoyi da karnuka. In mutum yana zolayarka, wai ƙafarka yake ja. In tsoro ya kama mutum ana gab da yin abu, wai ƙafafunsa ne suka yi sanyi. In wani ya tona asiri, ya saki kyanwa daga buhu. In kuwa Bature ya tabbata abu ba zai yiwu ba, sai ya ce in ya yiwu zai cinye hularsa. Ɗantala ya daɗe yana sa ido a kan hular Mai Lofe, bai taɓa ganin ko gefenta an gatsa ba.

Akwai guda ɗaya da ba a koya masa da dariya ba. Wata damina ciwo ya kama akawalin Mai Lofe, baƙin dokin da ya fi so, aka yi magani aka gaji, ya kwanta bai tashi ba. Baturen ya zo ya tsaya a kansa, ya cire lofe daga baki, ya ce a hankali, “Gon wes.” Ɗantala ya san kalmomin, ya tafi yamma ke nan. Ya dubi dokin, ga shi kwance, kansa ma kudu yake kallo. Ya buɗe baki zai yi gardama, kuku ya taka masa ƙafa. Daga baya ya gaya masa cewa haka sojojinsu suke faɗa in mutum ya mutu, wai ya bi rana inda take faɗuwa. Ɗantala ya sake jin ta ranar da labarin rasuwar wani abokin Mai Lofe ya iso, ya kuma ga Baturen ya cire hula ya riƙe a hannu. Wannan kam ya ajiye ta can ƙasan ciki, bai taɓa fito da ita a kasuwa ba, don ba ta sa dariya.

Da Mai Lofe ya koma ƙasarsu, Ɗantala ya dawo gida ya yi aure, ya kama noman gero, yana haɗawa da maganin dawaki da jakai. Ingilishi a ƙasar Faransi kuwa ai kamar mai sayar da kwale-kwale ne a Dogon Dutsi, amma ko a jikinsa. Ranar kasuwa yakan zauna gindin tsamiya, jama'a su kewaye shi, ya gyara murya.

“Maganar Ingilishi awa gujiya take,” in ji shi. “Akwai ɓawo, akwai ƙwaya. Wanda bai sani ba shi tauna ɓawo shi ce babu daɗi. Ku kawo, ni ka hwasa muku.”

Ya yi ta fasawa har maganganun suka shiga bakin gari. Sai ka ji mutumin da ko jaki bai mallaka ba yana ce wa maƙwabcinsa riƙe dawakinka. Mata a bakin rijiya suna cewa ke dai bar jan ƙafata. Fatake masu ƙetare iyaka in sun jiyo wata kalma wajen ma'aikatan Ingilishi, gurinsa suke kawowa. Kowa ya shaida abu ɗaya: ba a taɓa jefa kalmar Ingilishi a gaban Ɗantala ta faɗi ƙasa ba. Ko tuwo ne a bakinsa sai ya cafe ta, ya juya, ya fasa, ya ƙara da labarin Mai Lofe wanda ba a roƙe shi ba.

Mutum ɗaya yake shakka a duniya, yayarsa Lantana. Ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu, kuma har ya yi furfura ba ta daina kallonsa a matsayin ɗan da ta share wa majina ba. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Altine, dogon saurayi mai sanyin hali, wanda shi ne hannunta a gona. Da yaƙin Jamus na biyu ya yi zafi, kamun aikin dole ya tsananta, Altine ya ƙetare gabas kamar yadda kawunsa ya yi a da. Sai dai shi kakin soja ya sa. Labari ya zo cewa an zuba su a jirgin ruwa an kai su wata ƙasa mai suna Bama. Lantana ta ci gaba da noma gonarsa, dangi suna kama mata, tana cewa amana ce take riƙewa.

Yaƙi ya ƙare. Sojoji suka fara dawowa da manyan takalma da akwatunan ƙarfe, amma babu Altine babu labarinsa. Sai Lantana ta roƙi Buba, wani falke mai kai gishiri Sakkwato a kan jakai, ya shiga bariki ya tambayo mata. Buba mutumin kirki ne, yana da ɗan Ingilishinsa na kasuwa, irin na ƙirga da nuna hanya. Ya dawo ana cikin bazara, hadari ya fara haɗuwa, bai ko sauke jakai ba ya wuce gidan Lantana, mutane suka biyo shi. Ɗantala yana zaune a kan turmi yana gyaran igiya.

“Inna Lantana, albishirinki!” in ji Buba. “Na ga sajen Bature da sunka yi yaƙi tare. Nac ce mai, Altine na Tibiri fa? Yad dube ni yac ce, gon wes. Wes kau yamma ta, ko jakina ya san wanga. Daga Sakkwato wa ag ga yamma in ba mu ba? Ɗanki shina bisa hanya!”

Gida ya kaure da guɗa. Wata tsohuwa ta taka rawa da sandarta. Buba ya juyo yana washe baki ya ce, “Ko ba haka ba, Riƙe-Dawaki?”

Ɗantala ya dakata da gyaran igiyar. A ransa ya ga akawalin Mai Lofe kwance, ya ga hula a hannu. Ya ɗago ya dubi yayarsa, ita ma shi take kallo. Sai ya sunkuyar da kai kan igiyarsa ya ce, “Wes dai yamma ta.” Bai ƙara ko kalma ba, kuma cikin hayaniyar murna ba wanda ya kula.

Washegari Lantana ta sa aka yaɓe ɗakin Altine, ta shanya tabarmarsa. Kullum da safe sai ta ɗauki ƙwaryar ruwa ta tafi gindin gawon da ke bakin hanyar gabas, daidai kan iyakar gonar ɗanta, ta zauna har rana ta take. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tayar da hankalin dangi shi ne, da ruwan farko ya sauka, gari ya fita shuka, ta hana kowa taɓa gonar. Ta ce mai gona yana tafe, shi zai zuba iri da hannunsa. A Arewa kuwa wanda ya bar damshin farko da na biyu suka wuce shi, ya san da yunwa zai yi shekara. Rumbun Lantana ya riga ya kai gindi, kuma ba ta da wata gonar.

Ɗantala ba mutum ne mai dogon juyayi ba. Ya zauna ya auna abin kamar yadda yake auna ciwon doki. Kalmar nan fuska biyu gare ta. Mai yiwuwa Baturen yammar ƙafa yake nufi, mai yiwuwa yammar Mai Lofe. Shi kuwa ba zai kashe ɗan yayarsa da baki a kan jita-jitar mai jakai ba, ba kuma zai zauna yana kallon gona tana bushewa ba. Ya gama shukarsa, ya ce wa matarsa za shi neman maganin dawaki, ya saɓa sanda ya kama hanyar Sakkwato da ƙafa, yana tafe yana kallon sama yana roƙon ruwa na biyu ya jira shi.

A ƙofar bariki mai gadi ya tare shi, ya ga baƙauye da ƙura har gwiwa, ya ce ya kauce. Ɗantala ya gyara tsayuwa ya zuba masa Ingilishin barga, har da gaya masa ya riƙe dawakinsa. Mai gadi ya yi sororo, ya rasa ko wani babba ne ya ɓad da kama, ya kai shi har gaban sajen. Baturen ja ne mai ƙaton wuya, yana zaune a inuwa yana goge takalmi. Ɗantala ya gaishe shi yadda ake gaida Mai Lofe, ya ce ya zo daga nesa, saboda haka kada a ja masa ƙafa. Saje ya tuntsire da dariya, ya ce ina wannan ya samo Turanci haka. Sai Ɗantala ya bar wasa. Ya ce shi kawun Altine ne na Tibiri, an kai musu magana cewa ya tafi yamma, uwarsa tana bakin hanya tana jira. Ya zo ya ji wace yamma ce.

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Baturen. Ya ajiye takalmin, ya miƙe tsaye, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ɗantala bai buƙaci ƙarin fassara ba. Ya durƙusa a wurin, ya yi salati, hawaye suka zubo masa.

Sajen ya sa aka kira wani kofur Bakabe wanda suke tare da Altine a Bama. Shi ya ba da labari da Hausa: zazzaɓi ne ya kama shi a cikin daji ana tsakar damina, bai daɗe yana jinya ba, kuma 'yan uwansa Musulmi suka yi masa wanka da salla. Ɗantala ya share fuska ya tambayi abin da ya san yayarsa za ta tambaya, ko an fuskantar da shi gabas yadda ya kamata.

“A'a, baba, yamma,” in ji kofur. “Can mun wuce Makka, ta koma bayanmu. In za mu salla yamma muka dubi. Haka munka kwantar da shi.”

Ɗantala ya juya wannan a ransa. Duk shekarun da ya yi yana fasa maganganu, bai taɓa cin karo da irinta ba. Ya yi godiya, ya ƙi tsayawa cin abinci, ya juyo gida.

Ruwa na biyu ya riga shi isowa da kwana ɗaya. Ya shigo ta hanyar gabas da hantsi, ƙasa tana ƙamshi, gonakin mutane sun yi tsiri kore, ta Altine ce kaɗai fayau. Lantana tana gindin gawo da ƙwaryarta. Ta hango mutum tafe ta miƙe, da ta gane tafiyar ƙaninta ce sai ta koma ta zauna. Ya iso ya tsuguna a gabanta. Ta miƙa masa ruwan da ta tanadar wa ɗanta, ya sha.

A hanya ya shirya maganganu iri-iri. Zai ce sai haƙuri, zai ce ya riga mu gidan gaskiya, zai ce wa'adi ya cika. Da ya dubi fuskarta sai ya ga su ma duk ɓawo ne, ashe Hausa ma ta iya ɓoye ƙwaya. Ya ajiye su gefe.

“Yaya,” in ji shi, “daga Sakkwato nike. Altine ya mutu. Zazzaɓi yak kashe shi can Bama.”

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗora hannu a kan gwiwa, ta dubi hanya.

“Na sani,” ta ce.

Ɗantala ya ɗago a firgice. “Wa yag gaya miki?”

“Kai. Ni na goye ka, Ɗantala. Tun da kad dawo daga wajen Nasara ban taɓa ganin Ingilishi ta hwaɗo gabanka ka bar ta da ɓawonta ba, sai ran da Buba yaz zaka. Kowa na guɗa, ni kai nike kallo.”

“To, Yaya, don mi kika hana shibka? Don mi kika zamna nan kullum?”

“Ba ni iya binne ɗana da maganar da ban ji ba,” ta ce. “Da Hausa na raɗa mai suna. Jira nike wani nawa ya taho ta hanyag ga ya hwaɗa mini da Hausa. Na san za ka tahi, ba ka iya zama da magana ba ka ga cikinta ba.”

Sannan ta tambayi ko an yi masa salla, ko an gyara masa kwanciya. Ya gaya mata abin da kofur ya ce, cewa a can alƙibla yamma take, kuma haka aka fuskantar da shi. Ya ƙara da abin da ya auna da kansa a hanya, cewa in mutum ya miƙe daga can ya yi yamma, Makka zai fara tararwa, in ya zarce kuma ƙasar Hausa ce a gabansa.

“Ashe nan shika kallo,” in ji Lantana.

A nan ne kuka ya ƙwace mata. Ta kifa kai a kafaɗar ƙaninta ta yi shi mai isarta, shi ma yana nasa, mutumin da gari ya sani da surutu bai ce uffan ba. Da ta gaji ta share ido da bakin zane, ta sa yatsa cikin ƙasa ta duba, ta ga da sauran damshi. Ta ce a yi zaman makoki in an dawo, ƙasa ba za ta jira ba, ya je ya ɗauko sungumi, irin yana cikin tulu a bayan ƙofar Altine, tun bara ta ware shi.

Ya tafi ya dawo da sauri kamar ba shi ne ya sha tafiya ba. Suka fara daga bakin hanya, shi yana gaba yana sara, ita tana biye tana zuba iri tana rufewa da diddige, suka yi yamma.